Ɗaliban Bayan Tashi Daga Aiki: Magidantan Kaduna Da Ilimin Haɗa Kwamfutoci

Akwai wasu kalmomi biyu da a yau suka fi ƙarfin manaja a banki, suka fi ƙarfin darakta a ma'aikata, suka kuma fi ƙarfin likita a asibiti, wato "babu netwok". Da zarar mai ba da kuɗi ya furta su daga bayan gilashi, shi ke nan zance ya ƙare. Attajiri da ɗan fansho da mai sayar da goro duk sai su koma su zauna, kowa ya yi tagumi yana jiran wani abu da bai san kamanninsa ba, bai kuma san daga inda zai ɓullo ba. Abin mamakin shi ne, shi kansa mai faɗar kalmomin bai fi masu sauraronsa sanin ma'anarsu ba. Iyakar abin da ya sani shi ne an buga wa wani waya a Abuja ko Legas, kuma an ce yana nan tafe.

To, wannan "wanin" da ake jira, shi ne wasu magidanta a birnin Kaduna suka ƙudiri aniyar zama. Duk wanda ya bi ta Titin Ahmadu Bello ko Titin Yakubu Gowon, a tsakiyar Doka, tsakanin La'asar da Magariba, zai ga allunan cibiyoyin koyar da kwamfuta rataye a jikin benaye, zai kuma ga irin mutanen da ke hawa matakalarsu. Da yawansu sun daɗe da wuce shekarun samartaka. Akwai akawun ma'aikata da ya taso daga sakatariyar jiha da ke Titin Independence, akwai malamin sakandare, akwai ma'aikacin banki da ke jin ƙishin-ƙishin za a rage ma'aikata, akwai soja ko ɗan sanda da ritaya ta fara leƙo shi, akwai kuma mai gyaran wuta da ya lura cewa masu sababbin gine-gine sun fara tambayarsa ko ya iya ja musu wayar intanet da ta kyamarar tsaro. Mafi yawansu ba su taɓa karanta kimiyyar kwamfuta ba, wasunsu ma rabon su da aji an fi shekara ashirin.

Kafin a yi musu dariya, ko a yaba musu fiye da kima, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da suke nema, da abin da zai ci musu, da kuma abin da za su samu in sun kai gaci, domin a nan ne ake yawan yaudarar su.

Ilimin haɗa kwamfutoci daban yake da iya buga takarda, daban yake da rubuta manhaja, haka kuma daban yake da gyaran kwamfuta in ta lalace. Ilimi ne na hanya: yadda saƙo zai tashi daga wannan na'ura ya isa waccan, ko tana ɗaki na gaba ko tana Amurka, ba tare da ya ɓace ko ya faɗa hannun wanda ba nasa ba. Ga mutumin Kaduna wannan bai kamata ya zama baƙon abu ba, domin garin nasa ma a kan hanya aka gina shi. Turawa sun baro Zungeru suka maido da hedkwatar Arewa nan a 1917 ne saboda ruwa da kuma layin dogo, kuma daga baya nan ne dogon da ya taso daga Legas ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal. Kakanninmu da suka yi aikin reluwe da na gidan waya, masu canza wa jirgi layi da masu buga tangaraho, su ne ma'aikatan netwok na zamaninsu, kuma da yawansu da gemunsu suka koyi aikin.

Hasali ma babban gidan wayar da ke Titin Yakubu Gowon ya isa misali. Kwamfuta ba ta aika saƙo a dunƙule. Yayyanka shi take yi ƙanana-ƙanana, ta sa kowane yanki a ambulan, ta rubuta adireshin mai aikawa da na mai karɓa. A kan hanya akwai na'urar da ake kira rauta, wadda aikinta daidai yake da na ma'aikacin da ke ware wasiƙu: ta dubi adireshi, ta ce wannan ta jakar Kano ce, wannan ta Legas. Akwai kuma suwic, wadda ita masinjan cikin gida ce, ta san teburin kowa a ofis amma ba ta san hanyar wani gari ba. Idan wani yanki ya ɓace a hanya, mai karɓa ya sanar, a sake aiko shi. Wannan ƙa'ida, wadda ake kira TCP/IP, Vint Cerf da Bob Kahn ne suka fitar da tsarinta a 1974, aka kuma mayar da ita harshen da kwamfutocin ARPANET ke magana da shi a ranar 1 ga Janairun 1983. Har yau a kanta intanet ke tafiya. Wato dai abin da magidancin Doka ke koyo da yamma ya girmi wasu daga cikin malaman da ke koya masa.

Sai kuma abin da ke fara razana sabon ɗalibi, wato matakai bakwai na sadarwa da hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da su a 1984. Yaro kan haddace su kamar karatun allo ya wuce. Amma wanda ya yi shekara goma sha biyar a ma'aikata ya riga ya san su a aikace ko da bai san sunansu ba, domin ya san yadda fayil ke tashi daga hannun masinja zuwa rajista, daga rajista zuwa jami'i, zuwa darakta, zuwa babban sakatare, kowa ya sa hannu a inda ya shafe shi ba tare da ya shiga aikin na sama da shi ba. Ya kuma san cewa idan fayil ya ɓata, daga rajista ake fara cigiya. Haka abin yake a nan: idan an ce babu netwok, gwani ba ya fara zargin tauraron ɗan'adam. Yakan duba ko akwai wuta a jikin na'ura, ko waya ta zare ko ɓera ya ci ta, ko kwamfutar ta samu adireshi, sa'annan ya haura sama mataki-mataki. Na sha jin masu koyar da wannan fanni na cewa manya sun fi yara haƙurin bin wannan tsani, kuma sun fi su rubuta abin da suka taɓa kafin su taɓa wani. Yaro ya fi saurin hannu, amma yakan canza abu biyar a lokaci guda, in ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lissafi. Kowace na'ura a kan netwok tana da adireshi mai rukunin lambobi huɗu, alal misali 192.168.10.25, kuma kowane rukuni daga 0 yake zuwa 255. Dalili kuwa shi ne kwamfuta ba ta san komai ba sai sifiri da ɗaya, kowane rukuni kuma gurbi takwas ne, masu darajar 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2 da 1. In ka haɗa su duka ka samu 255. Lamba 192 ke nan ita ce 128 da 64, wato gurabu biyun farko a kunne, sauran shida a kashe. Daga nan sai a ce wa ɗalibi: ga adireshi 256 an ba ofishinku, raba su gida huɗu, na sashen kuɗi daban, na sashen mulki daban, na baƙi daban, na kyamarori daban. Kowane gida zai tashi da 64: daga 0 zuwa 63, daga 64 zuwa 127, daga 128 zuwa 191, daga 192 zuwa 255. A kowane gida kuma na farko sunan gidan ne, na ƙarshe na shela ne, don haka 62 kawai za a iya raba wa na'urori. A wannan darasi ne aji kan fara raguwa. Mutum ya wuni yana aiki, ya bar cefane a zuciyarsa, sai ga wani yaro sa'ar ɗansa yana jera masa sifiri da ɗaya a allo yana cewa "ai mai sauƙi ne, Baba."

Ni kuwa a ganina ba wuyar lissafin ke korar mutane ba, yadda ake gabatar da shi ne. Al'ummar da malaman zaurenta ke raba gado tsakanin mata huɗu da 'ya'ya goma sha bakwai da uwa, su fitar da sumuni da sudusi ba tare da na'urar lissafi ba, bai kamata a ce raba 256 gida huɗu ya gagare ta ba. Da malamin zai ce wa ɗalibansa fili ne aka ba ku za ku yanka filoti-filoti, kowane layi ku bar na farko don allon suna, na ƙarshe don mai shela, da rabin waɗanda suka gudu sun zauna. Amma littattafan duk da Turanci suke, Turancin ma na Amurka, misalansu kuma na rayuwar da ba tamu ba. Malaman da yawa su ma haddacewa suka yi, ba su da wata hanyar bayani sai wadda suka tarar. Ga kuma girman kai, wanda ba a cika faɗarsa ba: mutumin da ake rusuna wa a ofis da safe, da wuya ya ɗaga hannu da yamma ya ce bai gane ba. Gemu ba ya hana ilimi, haka ne, amma yakan hana tambaya.

Aikin hannu kuwa shi ne ke dawo wa da mutum ƙwarin gwiwa. Wayar da ake haɗa kwamfutocin ofis da ita silli takwas ne a cikinta, an murɗe su biyu-biyu, kuma kafin a matse mata kai sai an jera su bisa tsari: fari mai ratsin ruwan goro, ruwan goro, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Ka kuskure ɗaya, aiki ya ɓaci. Ba a kuma jan ta ta wuce mita 100 ba tare da an sa wata na'ura a tsakani ba. Waɗannan ƙananan ƙa'idoji su ne bambancin ma'aikaci da ɗan ci-da-ceto, kuma duk wanda ya taɓa shiga wani ofis ya ga wayoyi sun sarƙe kamar taliya a bayan kabad, ba alama, ba lamba, ya san wane ne ya yi aikin.

Yanzu bari mu zo kan kuɗi, domin nan ne maganar ta fi ɗaci. Takardar shaidar da ta fi suna a wannan fanni ita ce CCNA ta kamfanin Cisco, wanda wasu ma'aurata ma'aikatan Jami'ar Stanford suka kafa a 1984. Tun daga watan Fabrairun 2020 an dunƙule ta ta koma jarrabawa guda ta awa biyu, kuɗinta dala 300. Kafin a saki naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yunin 2023, lokacin da dala ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, ma'aikaci na iya yin adashe ya biya. A 2024, da dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya zarce naira 450,000, wato fiye da albashin wata shida na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a shekarar. Wanda ya faɗi sai ya sake biya daga farko. Wanda ya ci kuma, bayan shekara uku takardar ta mutu sai an sabunta. Wannan fa ban da kuɗin makaranta, da na kwamfuta, da na data, da na man janareta. Akwai wasu takardun, irin su Network+ ta CompTIA da HCIA ta Huawei da ta MikroTik, wani kamfanin ƙasar Latbiya da na'urorinsa suka cika ƙananan ofisoshi da otal-otal na ƙasar nan saboda araharsu, amma ba wadda ta kuɓuta daga tsadar kuɗin waje.

Saboda tsoron asarar wannan dukiya ne wata mummunar sana'a ta samu gindin zama, wato sayar da tambayoyin jarrabawa da aka sato. Wasu cibiyoyin ma da shi suke tallar kansu a asirce: kawo kuɗi, cikin mako shida mu ba ka tabbacin ci. Mutum ya haddace amsoshi ɗari biyar, ya je ya ci, ya sa takarda a firem ya rataye a falo. Ranar da aka kai shi ɗakin na'urori aka ce bene na biyu ba ya ganin uwar garke, sai gumi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu ɗaukar aiki sun daɗe da gano wannan, shi ya sa mai hankali a cikinsu ba ya tsayawa kan takarda. Yakan miƙa wa mutum waya da na'ura ya ce bismilla. Ban da haka, kamfanonin da ke ba da shaidar suna ɗaukar wannan a matsayin maguɗi, suna kuma iya soke takardar wanda aka kama.

Abin takaicin shi ne, ilimin kansa kusan kyauta yake. Shirin koyarwa na Cisco, wanda aka fara tun 1997, yana ba da wata manhaja mai suna Packet Tracer ba tare da ko kwabo ba, wadda mutum zai gina netwok na ofis sukutum a cikin tsohuwar kwamfutarsa, ya haɗa rauta goma, ya lalata, ya gyara, ba tare da ya ƙona komai ba. Darussa na bidiyo sun cika intanet, har an fara samun masu yi da Hausa. Tsofaffin na'urori 'yan gwanjo ana samun su, mutum uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su saya su riƙa haɗuwa ranar Asabar. Don haka shawarata ga duk magidancin da ke wannan tunani ita ce ya jinkirta maganar jarrabawa. Ya ba kansa awa guda kullum, bayan Asuba in zai yiwu, kafin hayaniyar gida da ta ofis ta cinye masa ƙwaƙwalwa, har wata tara ko shekara. Ya gyara netwok ɗin makarantar Islamiyyar unguwarsu kyauta. Idan bayan wannan ya ga har yanzu abin na ransa, kuma akwai wata ƙofa takamaimai da takardar za ta buɗe masa, to sai ya biya. Kada kuma ya kuskura ya ajiye aikinsa saboda alkawarin mai talla.

Na faɗi haka ne domin kasuwar ba kamar yadda ake zuzuta ta take ba. Manyan ɗakunan sarrafa netwok na bankuna da na kamfanonin waya suna Legas, wasu kuma Abuja. Rassan Kaduna daga can ake juya su. Turakun sadarwa da muke gani ko'ina, mafi yawansu kamfanoni irin su IHS ne ke riƙe da su, su kuma suna ba 'yan kwangila kula da su. Matakin farko na aikin, wato hawa tsani da jan waya da kwana a wurin aiki, albashinsa bai kai abin da mai mataki na 12 a gwamnati zai bar kujerarsa dominsa ba, kuma matasa 'yan shekara ashirin da biyar na layi suna jira. Ga shi kuma fannin kansa na sauyawa. Abubuwa da dama da a da sai an je an taɓa na'ura, yanzu daga nesa ake sarrafa su da manhaja. Ma'aikacin gwamnati kuma yana da wani shingen na daban da ba a cika tuna masa ba: ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulki na 1999 ta hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ta kansa in ban da noma. Wanda ke mafarkin buɗe kamfani yana kan kujera, ya san da wannan.

Duk da haka akwai aiki, sai dai ba mai kwat da taye ba ne. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma kowace cibiya ɗaruruwan kwamfutoci ne da dole su yi magana da uwar garke guda ba tare da yankewa ba. Ranar da suka yanke, yara ne ke kuka a bakin ƙofa. Makarantu masu zaman kansu, asibitoci, otal-otal, gidajen mai, manyan kantuna, duk suna buƙatar mai haɗa musu na'urori da kyamarori, kuma wanda ya haɗa wannan da sanin aikin sola ba zai rasa na cefane ba bayan ritaya, wadda ke zuwa a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, ko an shirya ko ba a shirya ba. Mutanen Kaduna sun ga abin da ya samu dubban ma'aikatan masaƙun Kakuri lokacin da KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007: ƙwararru ne a kan injin da ya daina juyawa. Ma'aikatan NITEL, waɗanda kafin zuwan wayar salula a 2001 su ke riƙe da layukan waya kimanin 400,000 na ƙasar nan kaf, har ana bin su da roƙo, su ma sun ga yadda zamani ke juya baya. Ba abin mamaki ba ne ɗan wannan gari ya ji tsoron tsufa da sana'a guda.

Amma babbar ribar, a nawa ra'ayin, ba ta canza aiki ba ce. Tana cikin aikin da mutum yake kai. Ma'aikatunmu da hukumominmu na kashe maƙudan kuɗi wajen kwangilar haɗa kwamfutoci, kuma sau da yawa jami'in da zai sa hannu cewa aiki ya kammala bai iya karanta takardar bayanin kayan ba. Ba zai iya bambance wayar jan ƙarfe ta gaskiya da ta gorar-ruwa da aka yi wa fenti ba. Bai san ya kamata ya karɓi zanen netwok da kalmomin sirri na na'urori kafin a biya ɗan kwangila ba, sai bayan shekara guda abu ya tsaya, a nemi ɗan kwangila a rasa, a sake ba da wata kwangilar daga tushe. Akawu ko jami'in mulki guda da ya san waɗannan abubuwa zai tsare wa ma'aikatarsa abin da ya ninka kuɗin karatunsa sau ɗari, ko da bai taɓa zama jarrabawar kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma fa sai in ya san yadda aka yi rufin.

Akwai kuma darasi guda a wannan ilimi da na so a ce masu tsara mana manufofi sun zauna ajinsa, wato kada a dogara da hanya ɗaya. Duk ɗalibin da ya yi wata uku ya san cewa ana ja wa muhimmiyar na'ura hanya biyu, in ɗaya ta yanke saƙo ya bi ɗayar. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna suka tsaya cik har nan Kaduna, garin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku. A watan Oktoban wannan shekarar kuma Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, domin layin wuta na Shiroro zuwa Mando ya riga ya lalace a hannun ɓarayin daji, sai ɗayan da ke biyowa ta Benuwai shi ma ya faɗi. Kafin nan, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamban 2021, an rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda matsalar tsaro, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su aika saƙo ko su karɓi kuɗi. Wanda ya rayu a waɗannan lokuta ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kan matsayin netwok a rayuwarsa.

Hukumomi ba su yi barci gaba ɗaya ba. Gwamnatin Kaduna ta yafe kuɗin haƙa hanyar binne wayar faiba a 2020. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku a 2023, sa'annan a watan Mayun 2024 majalisar zartarwa ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a faɗin ƙasa. A farkon 2024 kuma hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda hedkwatarta ke nan Titin Bida, ta raba babbar diflomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki ta haɗa kwamfutoci ce zalla da sarrafa bayanai daga nesa. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun sha ɗauko kyaututtuka a gasar duniya ta Huawei, abin da ke nuna ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba.

Sai dai kusan duk waɗannan shirye-shirye da matashi aka auna su: mai lokaci da rana, wanda ba shi da iyali, wanda kuma zai iya zaman aji shekara biyu. Magidanci mai shekara arba'in da biyar ba ya cikin lissafin kowa, balle matar aure ma'aikaciya, wadda ajin da ake tashi bayan Magariba a saman wani bene a tsakiyar gari bai dace da ita ba ko kaɗan, alhali aikin tsara netwok da sa masa ido aiki ne na zaune da za ta iya kamar kowa. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki karatun manya da muhimmancin da har ta kira shi Yaƙi da Jahilci, ta kafa hukumar NORLA a Zariya don buga musu littattafai da harshensu, aka kuma tsara lokacin aji daidai da lokacin manomi. Ba a ce wa manomi ya bar gona ya zo aji da hantsi ba.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda tushenta ke komawa 1956, ta daɗe da sanin karatun yamma; dubban ma'aikatan garin nan ta nan suka samu diflomar akanta da ta mulki. Jami'ar Jihar Kaduna, da aka kafa a 2004, tana nan Titin Tafawa Balewa, tafiyar 'yan mintuna daga sakatariya. Abin da ake buƙata daga gare su gajeren kwas ne na wata shida, ranakun Asabar da Lahadi, a ɗakin gwaji mai na'urori na gaske da wutar sola, da malamin da ba ya jin kunyar yin bayani da Hausa, da kuma ajin mata da safe. Ofishin shugaban ma'aikata na jiha kuma ya ɗauki nauyin mutum biyu daga kowace ma'aikata, da sharaɗin cewa jarrabawarsu ta ƙarshe ita ce su zana netwok ɗin ofishinsu, su sa wa kowace waya lamba, su kuma ajiye kwafin zanen a rajista.